Na dawo daga bita da sabuwar hanya, ajina ya koma kasuwa

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandare, shekarata tara ina koyarwa. A farkon zangon nan aka zaɓe ni na halarci bitar kwana biyar kan koyar da Turanci ta hanyar furojet, wato a ba ɗalibai wani aiki na zahiri su yi shi rukuni-rukuni, su fito da abin da za a gani, harshen kuma ya shiga bakinsu garin yin aikin. Na dawo cike da zumuɗi. Na kasa ɗalibaina 64 gida takwas, na ba su mako huɗu su yi aiki kan gurɓatar muhalli. Malam, aji ya koma kasuwa. Da harshen gida suke ta hira, a kowane rukuni mutum ɗaya ko biyu ne ke aiki, sauran 'yan kallo. Ranar gabatarwa suka kawo kwalaye masu kyau, amma rubutun daga intanet aka kwafo shi. Na tambayi wata yarinya ma'anar jimlar da ta karanta, sai ta sunkuyar da kai. Shugaban makaranta ya kira ni ya ce iyaye na ƙorafin littattafan 'ya'yansu ba rubutu, ga jarrabawa na tafe. Wani dattijon malami a sashenmu ya ce a gaban mutane wai wasan yara na je na koyo. Yanzu waɗanda suka shirya bitar suna jiran rahoto da hotuna, kuma an ce nan da mako shida in koya wa sauran malamai abin da na koyo. Hotunan sun yi kyau, in na tura ba wanda zai gane. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. In rubuta musu abin da suke son ji in koma tsohuwar hanyata ne? Ko dai ni ce ban iya ba?

Malama mai neman mafita

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da fama, Allah ya saka da alheri.

Tambayar nan da kika yi wa yarinyar da ta sunkuyar da kai, ita ce ta fara tsaya mini a rai. Malamai da yawa da sun ga kwali ya yi kyau sai su yi tafi, su ɗauki hoto, su ba da maki, a wuce wurin. Ke kika tsaya kika nemi sanin ko Turancin ya shiga. Wadda ba ta iya aikinta ba ba ta yin wannan tambayar, don haka ki cire batun rashin iyawa daga ranki tukuna, mu duba abin da ya faru a tsanake.

Abin da na fahimta daga wasiƙarki shi ne, bitar ta nuna miki ƙarshen aiki, ba ta nuna miki tsakiyarsa ba. Haka yawancin irin waɗannan tarukan suke, kuma ba lallai da mugun nufi ba. Ana tara malamai waɗanda Turanci ya riga ya zauna a bakinsu, a kasa su rukuni, a ba su kwali da alƙalamin zane, cikin awa biyu su fito da abu mai kyau, kowa ya ji daɗi. Ku ba ku buƙaci kowa ya koya muku yadda ake gina tambaya ko yadda ake kwatanta abu biyu da Turanci ba, saboda kun iya. Ɗalibanki kuwa wannan ne ainihin abin da suka zo nema. Da kika miƙa musu batu mai faɗi kamar gurɓatar muhalli, hanya biyu ce ta rage musu: su tattauna da harshen da suke iya tunani da shi, su kuma aro Turancin wanda ya riga ya rubuta. Duka biyun suka yi. Ni ban ga lalaci a nan ba, wanda aka tura ɗibar ruwa ba a ba shi guga ba, da abin da ya samu zai ɗiba.

Wannan tuntuɓe tsoho ne, ba a kanki aka fara ba. A shekarar 1918 William Kilpatrick, malami a jami'ar Kolombiya da ke Amurka, ya wallafa maƙalar da ta yaɗa hanyar furojet a duniya. Tarayyar Sobiyet ta rungume ta a shekarun 1920, amma a 1931 hukuma ta soke ta da hujjar cewa yara na fita makaranta ba su da tushen ilimi. John Dewey kansa, wanda ake jingina wa falsafar koyo ta hanyar aikatawa, ya yi gargaɗi a 1938 cewa ba wa yaro 'yanci ba ya nufin malami ya naɗe hannu ya koma gefe. Kin ga ke nan kukan da ake yi a makarantarki ya kusa shekara ɗari ana yin sa.

Sai dai kuma an ga inda hanyar ta yi aiki, kuma a fagen koyon Turanci. A farkon shekarun 1980 wani malami Bajamushe, Michael Legutke, ya kai yara 'yan kimanin shekara 11, waɗanda ba su daɗe da fara Turanci ba, filin jirgin sama na Frankfurt, suka yi ta tare matafiya suna yi musu tambayoyi da Turanci suna naɗar muryoyinsu. Wanda ya ga ranar kawai zai ce abin mamaki ne. Amma kafin ranar an ɗauki lokaci a aji ana shirya tambayoyin, ana gwada su, ana koyon yadda za ka tsayar da baƙo cikin ladabi da abin da za ka ce in ba ka gane amsarsa ba. Wata masaniya a Amurka, Fredricka Stoller, ta kasa aikin furojet a ajin harshe mataki goma, uku daga ciki kuwa abu ɗaya suke maimaitawa: malami ya tsayar da aiki ya koyar da harshen da mataki na gaba ke buƙata. Sau ɗaya kafin a fita tattara bayani, sau ɗaya kafin a zauna tace shi, sau ɗaya kafin a gabatar. Ina kyautata zaton waɗannan ukun ne suka faɗi a hanya tsakanin zauren bita da ajinki.

To, ga abin da nake ba ki shawara ki gwada kafin mako shidan nan su cika. Ki sake yin furojet, amma ƙarami, na mako uku, kuma kada ya cinye dukan darussanki. In kina da darasi biyar a mako, ki ba shi biyu, sauran ukun ki ci gaba da manhaja kamar yadda kika saba. Ki zaɓi tambayar da amsarta ba ta cikin intanet, sai a bakin mutanen makarantarku. Misali: awa nawa ɗaliban makarantar nan ke barci, kuma me ke hana su kwanciya da wuri? Ba wani shafi da ya san amsar wannan. Dole su tambaya, su ƙirga, su rubuta da kansu. Sannan ki buɗe manhajar zangon ki duba abin da tambayar za ta ɗauko da kanta: gina tambaya, kalmomin da ke nuna sau nawa ake yin abu, alƙaluma, kwatanta yawa da ƙaranci, da mayar da maganar wani cikin rahoto. Duka waɗannan suna fitowa a jarrabawa.

Darasi na farko naki ne, a gaban allo, yadda kika saba. Ki koya musu tambayoyin da ke farawa da "How many" da "How often", su maimaita, su rubuta a littafi, ki gyara. A na biyu kowane rukuni ya rubuta tambaya biyar, su gwada su a kan juna, ke kina zagayawa da jan biro. Kada rukuni ya fita tambayar kowa sai kin sa hannu a takardarsa. Tambayoyin a waje za a yi su, lokacin hutun tara ko bayan tashi, kowane ɗalibi ya tambayi mutum biyar ya kawo takardarsa da sunansa a kai. Darasi na uku ki sake komawa allo, ki koyar da yadda ake cewa "rabin waɗanda muka tambaya", "mafi yawansu", "kaɗan daga ciki". Na huɗu su haɗa alƙalumansu, kowa ya rubuta sakin layi ɗaya shi kaɗai. Na biyar a musanya takardu a yi gyara a sake rubutawa. Na shida a gabatar, kuma ki nemo masu sauraro daga wajen ajin, ko da wani aji ne, domin yaro na ƙara ɗamara in ya san baƙon kunne zai ji shi.

Batun rukuni kuwa, mutum takwas sun yi yawa. A cikin takwas, biyar za su iya ɓuya ba a lura ba. Ki mayar da su huɗu-huɗu, rukuni 16, na gaba su juyo su fuskanci na baya ba tare da an ja benci ba. Na san 16 zai ba ki tsoro, amma ba kowane rukuni ne zai tsaya gaban aji ba. Ana iya manna sakamakon a bango, mutum biyu su tsaya suna bayani, biyu su zagaya suna sauraron na wasu, sannan a yi musanya. Ki sanar tun ranar farko cewa ke za ki zaɓi wanda zai amsa tambaya a madadin rukuni, ba su ba. Da zarar gwanin rukuni ya gane cewa makinsa na iya rataya a bakin wanda ya fi kowa shiru, zai daina yin aikin shi kaɗai ya koma koya masa. Makin ma ki raba shi, kaso mafi tsoka ya tafi ga abin da kowa ya rubuta kuma ya faɗa da kansa, ƙaramin kaso ga aikin rukuni. Kyan kwali kada ya samu komai.

Harshen gida kuma kada ki ɗauke shi abokin gaba. Yaron da ke matakin farko ba zai iya tsara aiki da musu da raha duk da Turanci ba, in kika hana shi sai ya yi shiru, shirun kuma ba Turanci ba ne. Ki ware lokaci a fili: minti biyar na shawara da kowane harshe, sannan minti goma da ba a jin komai sai Turanci, da jimlolin taimako a rubuce a allo. Abin da ba a sassautawa shi ne tambayar da za a yi wa mutane, da rubutun, da gabatarwar. Hayaniya dai ba za ta ƙare ba, mutum 64 ba sa koyon magana da baki a rufe. Amma ki samu alamar tsayawa guda, ɗaga hannu ko tafi uku, ku gwada ta har ta zauna, ki kuma gaya wa malaman da ke maƙwabtaka da ajinki ranakun da za a yi surutu.

Yanzu ga mutanen da ke kewaye da ke. Shugaban makaranta, a ganina, bai zalunce ki ba. Shi ake tuhuma in sakamako ya faɗi, shi iyaye ke tarewa a ofis. Uba da ya buɗe littafin ɗansa ya ga mako huɗu ba rubutu yana da haƙƙin tambaya. Ki je wurinsa da takarda shafi ɗaya, gefe guda ranakun darussa shida, ɗaya gefen batutuwan manhajar da kowane darasi zai rufe. Ki ce masa za ki yi ɗan gwaji na tambaya goma kafin a fara, ki maimaita irinsa bayan an gama, ki kawo masa sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Ki gayyace shi ranar gabatarwa. Littattafan yara kuwa wannan karon za su cika da rubutu, domin kowane mataki yana barin sawu a takarda. Su kansu ɗaliban suna buƙatar ganin wannan sawun. Gulbahar Beckett ta yi bincike a Kanada kan ɗaliban sakandare baƙi masu koyon Turanci, ta tarar da yawansu ba su ɗauki furojet a matsayin karatu ba, saboda ba sa ganin nahawu da kalmomin da suka saba ƙirgawa. Maganin da ita da abokiyar aikinta suka kawo mai sauƙi ne: ɗalibi ya riƙa rubuta abin da ya koya na harshe a kowane mako. Ki ware shafin ƙarshe na littafi don haka, kalmomi biyar da jimla biyu duk mako.

Dattijon sashenku ya yi kuskure da ya muzanta ki a bainar jama'a, kuma ba laifi in kin ji zafi. Amma in an cire dafin, maganarsa na da ƙashi. A 2006 wasu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun wallafa maƙalar da ta yi tashe, inda suka kafa hujja cewa mai koyo sabon shiga ya fi amfana da koyarwa kai tsaye, daki-daki, a kan a sake shi ya lalubo da kansa. Dattijonku bai buƙaci karanta su ba, shekaru a aji sun nuna masa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ni da ni ce ke, zan same shi shi kaɗai in ce, "Malam, na ga inda na yi tuntuɓe, yaran ba su iya gina tambaya ba. Yaya kake koyar da ita?" Mai yiwuwa yana da dabarar da ta fi ta littafi. In ya ba ki, ki yi amfani da ita a darasin farko, ki kuma faɗa a gaban mutane cewa tasa ce. Yana da wuya mutum ya ci gaba da kushe aikin da hannunsa ke ciki. In kuma ya ƙi, kin sauke naki.

Saura rahoto, wanda na san shi ya fi hana ki barci. Kada ki tura hotunan da labarin da ba haka ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wannan nasa kusa yake, domin nan da mako shida za ki tsaya gaban mutanen da suka ji hayaniyar ajinki ta taga. Ban da haka, rahoton ƙarya na cutar da malaman da za a tara a bita ta gaba. In kowa ya rubuta cewa komai ya tafi daidai, masu shiryawa za su maimaita abin da suka yi ba ƙari ba ragi. Ki rubuta abin da ya faru ba tare da kin zargi kowa ko kin yanka kanki ba: ga abin da na gwada, ga yawan ɗalibai, ga abin da ya yi, ga abin da bai yi ba, ga abin da nake ganin dalili, ga yadda zan sake. Ki kuma nemi abu biyu daga gare su: misalin tsarin darasi na aji mai cunkoso, da wani ya zo ya zauna a ajinki ko ya duba tsarinki kafin ki fara. Wannan ba roƙo ba ne, cikon aikinsu ne. Tun shekarun 1980 binciken Bruce Joyce da Beverly Showers ya nuna cewa bayani da nuni da ɗan gwaji a zauren bita na sa malami ya fahimci sabuwar hanya, amma kaɗan ne ke iya dasa ta a aji in ba a bi su da rakiya ba, kuma sai an gwada ta wajen sau 20 ko fiye kafin ta zauna a hannu. Ke sau ɗaya kika gwada, ke kaɗai.

In masu bitar ba su amsa ba, ki nemi abokiyar aiki guda da kika yarda da ita. Malaman Japan sun daɗe da wata al'ada ta aiki inda suke tsara darasi tare, ɗaya ya koyar, sauran su zauna suna kallon ɗalibai ba malamin ba, sannan a zauna a gyara. Ku biyu ma kun isa. Ki ba ta sunayen yara uku, gwani da matsakaici da mai rauni, ta rubuta duk abin da suka faɗa da Turanci a cikin minti arba'in. Takardar nan za ta gaya miki abin da ba za ki taɓa gani daga gaban allo ba.

Koyar da sauran malamai kuwa, in mako shida sun yi miki kaɗan, ki nemi a ɗaga zuwa bayan kin kammala gwaji na biyu. In ba a ɗaga ba, kada ki shiga da rigar gwana. Ki kai kwalayen farko da takardun na biyu ki ajiye su gefe da gefe, ki ba da labarin yarinyar da ta sunkuyar da kai ba tare da kin ambaci sunanta ba. Malamai sun gaji da masu zuwa su karanta musu abin da ba su taɓa yi a aji mai mutum sittin ba, za su fi sauraron wadda ta faɗi ta tashi.

Akwai kuma wata ƙofa da ba na so ki ɗauka a rufe take. In kin yi gwaji na biyu da gaskiya kika ga yanayin makarantarku bai ɗauke shi ba, ba dole sai furojet ake koyon Turanci ba. Kina iya tsintar ƙananan abubuwa daga cikinsa, kamar tambayar juna bibbiyu na minti goma, ko rubutun da wani zai karanta ban da ke, ki zuba su cikin tsohuwar hanyarki. Wasu ƙwararrun malamai furojet ɗaya suke yi a zango, bayan jarrabawar tsakiya, sauran lokaci allo da alli.

Abu na ƙarshe, yarinyar nan. Ki kira ta gefe cikin makon nan, ki gaya mata tambayar da kika yi ba don ki kunyata ta ba ce. Ki sa ta cikin rukunin da ba za a danne ta ba, ki duba tambayoyinta biyar da kanki kafin ta fita. Bayan mako uku ki sake rubuto mini, ina so in ji abin da ta faɗa ranar gabatarwa, da kuma awa nawa ɗalibanku ke barci.